Abin da Tahira Ta Shuka

Khalilu yana tsugune a gindin ɗorawa yana gyara ƙotar fartanya sai ya jiyo waƙar. Da farko bai kula ba. Yaran Kanyar Madu ba sa rasa abin rerawa idan an tashe su daga makaranta, ko akuya ce ta yi atishawa sai sun yi mata amshi. Amma wannan waƙar matsowa take yi ta burtalin da ya bi gefen gonarsa, ga tafi, ga kiɗan gwangwani. Da ya kasa kunne sai ya ji sunan da shi da kansa ya zaɓa.

"Tahira ɓarauniya! Ta saci fensir! Tahira ɓarauniya!"

Ya miƙe zumbur, fartanyar ta faɗi. Ga 'yarsa nan a gaba, 'yar shekara biyar, hijabi ya karkace, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ba kuka take yi ba. Tafe take kanta a sunkuye, yara sun fi talatin a bayanta, har da waɗanda ko majinarsu ba su iya facewa ba. Tsawa ɗaya ya daka musu suka watse cikin gonaki.

Ya durƙusa a gabanta. A ƙwaurinta akwai shatin tsumagiya huɗu, sun tashi ruɗu-ruɗu.

"Ke, me kika yi?"

"Fensir na ɗauka, Baba."

Wallahi da musu ta yi da ya fi masa sauƙi. Da sai ya kama hannunta ya koma makarantar ya ɗaga musu hankali. Amma ta faɗa masa ne kai tsaye, kamar an tambaye ta ko ta sha koko.

"Guda nawa?"

Ta ajiye takalmin a ƙasa, ta buɗe yatsu biyar na wannan hannu da uku na wancan. Sai kuma ta lanƙwashe ɗaya. "Na yau Malama ta ƙwace."

"Sauran suna ina?"

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi sama, wadda ta yi fari fat babu ko ɗigon girgije. Ta ce, "Ba su isa ba tukuna, Baba. Sai an yi ruwa."

Ya ɗauka shirmen yara ne, ko kuma taurin kan da ta kwaso wajen kakarta. Bai sake tambaya ba. Wannan rashin sake tambayar shi ne abin da ya daɗe yana cin ransa daga baya.

* * *

Sai ka san Khalilu za ka gane abin da waƙar nan ta yi masa. Ba mai hali ba ne. Gonarsa in ka tsaya a wannan gefe za ka yi wa na wancan gefe magana ba sai ka ɗaga murya ba, kuma a Kanyar Madu haka gonaki suke, kafaɗa da kafaɗa, layin gamba ne kawai yake raba ta wane da ta wane. Abin da yake da shi a duniya suna ne. Masu tafiya cin rani a rumbunsa suke barin hatsinsu, su dawo bayan wata biyar su tarar ko zangarniya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. To yau ga 'yar Khalilu mai amana ana yi mata waƙar sata a burtali, matan gari suna leƙe ta kan danga.

Washegari ya je makarantar. Hedimasta, Malam Abdulkabir, ya karɓe shi a ofis da irin fara'ar da ake yi wa wanda aka zo yi wa jaje, ya aika aka kira malamar rabin aji, wato ajin ƙananan da ba su isa shiga aji ɗaya ba. Malama Falta ta shigo muryarta a dishe, alli har a goshinta. Jikar Barebarin da suka sari garin ce, kowa ya san gidansu, kuma ba a san ta da mugunta ba. A tsaye ta yi bayani. Fensir goma sha biyu ajin yake da su, a cikin gwangwanin madara take ajiye su. Sati biyu ke nan in ta ƙirga bayan an tashi sai ta ga babu ɗaya. Jiya ta kama na takwas a soke a ƙugun Tahira.

"Na tambaye ta inda ta kai su, wai sai an yi ruwa. Ni za ta mayar mahaukaciya? Baban Tahira, in ba a tsawatar mata yanzu ba, gobe ba fensir za ta ɗauka ba."

Khalilu ya matso gaban teburin. Ya sa hannu a aljihu ya fito da dozin ɗin fensir da ya tsaya ya saya a shagon bakin hanya, ya ɗora a kan tebur.

"Ga kayanku. Yarinya kuma ta gama boko."

"Haba, Malam Khalilu, abin ai bai kai nan ba," in ji Hedimasta. Amma ko tashi bai yi daga kujerarsa ba, hannunsa ma tuni ya kai kan fensiran.

A gida ya tarar da matarsa Hure tana tankaɗe. Da ta ji hukuncin sai ta ajiye rariya. Ita a aji uku aka cire ta, kuma har yau in an kawo mata katin asibiti sai ta nemi mai karanta mata, abin yana yi mata ciwo. Da hannunta ta ɗinka wa Tahira kayan makaranta, ta yi su da girma don su kai ta aji biyu.

"Malam, shekara biyar fa. Me ta sani?"

"Ta san ta ɓoye, ai ta san sata."

"To ka tambaye ta a hankali mana. Yarinyar nan ko ƙuli-ƙulina ba ta taɓa ɗauka ba sai ta tambaya."

"Na tambaya. Ruwa ta ce mini."

Ya fita ya karyo tsumagiyar dalbejiya. Bai taɓa dukanta ba tunda aka haife ta. Ya tsula mata ɗaya, ya ƙara ta biyu, ba ta gudu ba, ba ta ma yi ihu ba, kallonsa kawai take yi da mamaki. Ta ukun ta gagare shi. Ya wurga tsumagiyar kan rufin ɗaki ya fice, zuciyarsa tana tafasa, shi kansa bai san da wa yake fushi ba.

Daga ranar Tahira ta daina surutu. Yarinyar da a da take hana kowa sakat da tambaya, me ya sa inuwarta ba ta jiƙewa in ta faɗa cikin ruwa, wa yake aske wa ungulu kai, ina hayaƙi yake kwana, yanzu sai ta zauna a bakin zaure da safe tana kallon 'yan makaranta suna wucewa. In sun hango ta su fara waƙar ƙasa-ƙasa, ita kuma ta koma ciki.

* * *

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Tun sati uku kafin wannan rigima Khalilu ya gaji da jira ya yi binne, ya zuba geronsa a busasshiyar ƙasa ya bar shi yana jiran ruwan farko. Shi yana gaba da sungumi yana saran rami, yayyen Tahira biyu suna biye da ƙoƙon iri suna zubawa suna rufewa da diddige. Ita ma ta kafe sai da aka ba ta nata ƙoƙon. Tana cikin zubawa ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Baba, me ya sa kake zubar da hatsinmu a ƙasa? Inna ta ce saura kaɗan."

Ya yi dariya har ya dogara da sungumi. "Ba zubarwa nake yi ba, uwata. Abin da ya yi maka kaɗan, shi kake ba ƙasa ajiya. In Allah ya kawo ruwa, ɗaya sai ya zama ɗari, kowa ya samu."

Ya faɗa ne kawai don ta yi shiru su ci gaba da aiki. Kafin su kai ƙarshen layin ya manta ya yi maganar.

Ranar wata Alhamis da la'asar, kwana goma sha shida bayan an cire ta daga makaranta, gabas ta haɗe. Iska ta kwashe shanyar mutane, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, tsofaffi suna hamdala a bakin masallaci. Khalilu yana zaure sai ya ga wani abu ya wuce shi da gudu. Tahira ce, ba ɗankwali ba takalmi, ta faɗa tsakiyar ruwan tana tsalle tana ƙyalƙyala dariya. Rabon da ya ji dariyarta tun ranar waƙar nan. Ya ji sanyi a ransa, ya ce lallai yaro ba ya riƙo, ta manta.

Ashe ba mantawa ta yi ba. Da gari ya waye aka neme ta a sha koko babu ita, sai can ta dawo gwiwoyinta duk taɓo. Washegari ma haka. A kwana na uku gero ya huda ƙasa, gonakin Kanyar Madu suka yi kore shar tun daga bayan gari har inda ido ya tsaya, kowa bakinsa har kunne. Ita kuwa kullum in ta dawo sai fuskarta ta fi ta jiya nauyi. Hure ta lura butar alwala tana ɓacewa da safe ta dawo babu ruwa. A kwana na goma yarinyar ta ture tuwo ta ce ba ta ci.

* * *

Da safiyar ranar da ya fara noman firi, wato noman farko bayan shuka ta fito, Khalilu ya bi layi da fartanya har ya kai kusurwar gonar ta arewa, inda inuwar ɗorawa take hana shuka yin kirki, shi ya sa ba ya zuba komai a wurin. Nan ya hango ta a tsugune a jikin gamba, buta a gefenta. A gabanta akwai 'yan tudun ƙasa guda bakwai a jere, kowanne an soka masa guntun kara, an zagaye shi da kashin awaki. Tana tona ɗaya da yatsa.

"Ke, me kike yi a nan?"

Ta zabura ta kare kanta da hannu biyu. Wannan kare kan ya soke shi har ƙahon zuci. Ya jefar da fartanyar can nesa, ya zauna daɓas a ƙasa don kada ya fi ta tsawo.

"Ba dukanki zan yi ba. Na rantse. Mene ne a nan?"

Ta sauke hannuwanta ta nuna ramukan. "Sun ƙi fitowa. Naka ya fito, na Baban Bilki 'yar ajinmu ya fito, har ciyawa da babu wanda ya shuka ta ta fito. Nawa ne kawai."

Ya sa hannu ya ƙarasa tonon. Yatsunsa suka taɓa wani abu siriri, ya zaro shi. Fensir ne. Gara ta cinye rabin iccen, sai ɓawon fenti ruwan ɗorawa da baƙin tsinken ciki. Ya tona na biyu, ya tona na uku. Duk a tsaye aka binne su, zurfin ɗan yatsa, kuma tsakanin kowane rami da na gaba taki ɗaya ne na ƙafar yarinya. Layin ya miƙe sak, ya fi na yayyenta kyau nesa ba kusa ba.

"Na sa musu taki," in ji ta, hawaye yana zuba. "Na taka da diddige yadda ka nuna mini. Na yi bisimilla. Tsinin na sa a ƙasa, ko shi ne ban yi daidai ba?"

Ya ɗago ya dube ta. "Me ya sa fensir, uwata?"

"Mu da yawa ne, shi kaɗan ne. In Malama ta zazzage gwangwani manya ne suke wawashewa. Bilki ba ta da gudu saboda ƙafarta, ba ta taɓa samu ba ko sau ɗaya. In Malama ta zo duba rubutu ta ga babu, sai ta doke ta." Ta ja majina. "Kai ka ce abin da ya yi kaɗan a ba ƙasa ajiya. Kuma ai icce ne, Baba, na tauna na ji. In ya fito ya yi 'ya'ya kowa sai ya tsinki nasa. Malama ma ta huta da ihu."

Khalilu, ƙato mai shekara arba'in da biyu, wanda ko ranar da aka binne mahaifinsa ba a ga hawayensa ba, ya zauna cikin taɓo ya yi kuka. Kunya ce ta rufe shi, da tausayi, da wani alfahari da bai san inda zai ajiye shi ba. Shi ne ya ba ta karatun, ta haddace, ta ɗauka ta yi aiki da shi tsaf, shi kuma ya saka mata da tsumagiya.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta dube shi da irin mamakin nan na ranar dukan. "Na faɗa. Na ce sai an yi ruwa."

Wani tunani ya zo masa, kuma ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya je shago ya sayo fensir masu yawa, gobe da asuba ya zo ya soka su a nan, ta zo ta tarar gonarta ta fito. Har ya hango tsallen da za ta yi. Sai kuma ya tuna wace ce Tahira. Jibi takalmin Hure za ta binne, gata kuma rediyonsa. Ban da haka ma, ya riga ya zalunce ta sau ɗaya, ba zai ɗora mata ƙarya a kai ba.

"Fensir ba ya tsira, Tahira."

"Me ya sa?"

Ya buɗe baki. Shekara talatin yana noma, ya san irin da zai fito da wanda ba zai fito ba ko a tafin hannu ya murza shi, amma yadda zai faɗa wa yarinya dalilin ya gagare shi. Ya rufe bakin.

"Taso mu je mu tambayi Malama."

Ta maƙale kafaɗa. "Za su yi mini waƙa."

"Ina nan. Wanda ya isa ya yi."

* * *

Bai koma gida ya sauya riga ba. Da taɓonsa da komai ya kama hanya, tsohon ƙoƙon irin da ya bari a gona a hannun dama da fensir bakwai a ciki, Tahira a hannun hagu. Wannan karon bai bi ta ofis ba. Kai tsaye ya nufi rabin aji, ajin da 'yarsa ta yi wata bakwai a ciki bai taɓa leƙawa ba.

Tun daga nesa ya jiyo su. "Ei fo aful! Ei fo aful!" Aful ɗin da babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa gani balle ya ci. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, don babu wurin sa ƙafa. Yara ne a ƙasa maƙil, gwiwa tana gogar gwiwa, simintin ya farfashe ya koma rami-rami. Wasu suna ihun karatu, wasu suna barci a kafaɗar juna, biyu suna dambe a kusurwa. Malama Falta tana gaban allo, goyo a bayanta, alli a hannu ɗaya, tsumagiya a ɗayan. A kan taga ga gwangwanin madara, fensir biyar a ciki. Dozin ɗin da ya kawo, ashe, an ba 'yan aji shida, su ne masu jarrabawa.

Da ta gan shi ta ɗaure fuska ta fito baranda. Suka gaisa sama-sama. Ya miƙa mata ƙoƙon.

"Ga sauran kayanki, Malama. A gonata na tono su."

"Binnewa ta yi? Don me?"

Ya faɗa mata, tun daga ranar binne har zuwa kashin awaki. Bai ƙara ba bai rage ba, har sunan Bilki bai ɓoye ba. Tana ji fuskarta tana saki. Ta ɗauki fensir ɗaya, iccen ya marmashe a yatsunta. Sai ta nemi bakin baranda ta zauna.

"Ta faɗa mini fa," in ji ta a hankali. "Sau uku tana faɗa, sau uku ina ƙara mata."

"Ni ma ta faɗa mini. Biyu na yi mata."

"A kwaleji an koya mana, Baban Tahira. Wai in yaro ya yi abin da ba ka gane ba, ka durƙusa daidai tsawonsa ka tambaye shi me yake nufi. Na rubuta a jarrabawa, na ci." Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka, ta nuna ajin da haɓa. "Tamanin da uku ne. Ni kaɗai. In na durƙusa wa ɗaya sauran su tattake ni."

Khalilu ya zo ne da niyyar ya faɗa mata magana mai zafi, ya tanade ta tun daga gona. Ya neme ta ya rasa. Me zai ce? Shi da yake da yara uku kacal bai durƙusa ba sai yau.

Malama Falta ta gyara goyonta, ta sauko ta kai gwiwa ƙasa a gaban yarinyar. Tahira ta ɓuya a bayan rigar ubanta.

"Tahira, ki yafe mini. Zo ki gaya mini yadda kika shuka su."

Da ƙyar yarinyar ta leƙo. Ta fara da murya ƙasa-ƙasa, amma da ta zo kan yadda ake taka rami da diddige sai ta saki rigar ta nuna da ƙafa. Kafin nan karatu ya tsaya, yara sun cika ƙofa da taga, kai a kan kai.

"To Malama, me ya sa bai fito ba?"

Malama ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai ta fasa. Ta juya ga yaran. "Ku kun ji. Tahira ta shuka fensir don kowa ya samu nasa, ya ƙi fitowa. Wa ya san dalili?"

Tsit. Ba su saba a tambaye su abin da amsarsa ba ta kan allo ba. Suka dubi tsumagiyar, suka dubi juna. Can wani mai giɓi ya ce, "Don an fere shi ne, ya ji ciwo."

"Don ba shi da uwa!" in ji wata.

"Ƙarya ne, na Turawa ne, ba ya jin Hausa!"

Dariya ta kece, har Khalilu sai da ya dara. Hannuwa suka tashi sama, kowa da nasa dalilin, kuma in ka saurara babu wanda bai yi tunani ba kafin ya faɗa. Daga can ƙasan taga wata 'yar siririya ta yi magana, sai da aka ce ta maimaita. Bilki ce.

"Ƙila ruwan ne bai ishe shi ba."

"To mu gwada mu gani," in ji Malama. "Gobe kowa ya zo da gwangwani. Baban Tahira, a taimaka mana da iri, kowane iri aka samu." Ta miƙe ta ɗaga murya. "Kuma ku buɗe kunnenku. Tahira ba ɓarauniya ba ce, manomiya ce. Duk wanda na sake ji yana waƙar nan..."

Ta ɗaga tsumagiyar kamar yadda ta saba. Sai ta dube ta, ta dubi ƙwaurin Tahira. Ta jingine ta a bayan ƙofa, ba ta ƙarasa maganar ba.

* * *

Kada a ce komai ya gyaru, bai gyaru ba. Bayan sati uku yaran suna nan tamanin da uku a kan fasasshen siminti, malamar da aka ce za a ƙaro ba ta zo ba. Fensir biyar ɗin Malama ta sa reza ta raba kowanne biyu, Khalilu da wasu iyaye uku suka kawo abin da ya sawwaƙa, amma har yanzu sai an yi karɓa-karɓa. Tsumagiyar ma takan fito daga bayan ƙofa ranar da abin ya ci tura. Waƙar nan kuwa, wani lokacin akan jiyo guntunta daga bayan wata danga.

Amma Hure ta sake wanke kayan makarantar ta shanya, kuma gidan Khalilu ya koma ba a jin kunne. Jiya-jiya Tahira ta tsare shi sai ya faɗa mata ko kwaɗi suna da liman.

Ranar kasuwa, zai wuce Dawakin Tofa a kan kekensa, ya bi ta bakin makarantar ana hutun tara. Tahira ta hango shi ta sheƙo da gudu, ta kama hannunsa ta ja shi har jikin tagar ajinsu. Gwangwanaye ne jere a kan taga da gindin bango, na madara da na tumatir. Wake ya yi ganye huɗu yana neman abin kamawa. Gyaɗa ta buɗe, masara ta miƙe. Wanda aka sa wa tsakuwa shiru, wanda aka sa wa maɓalli shiru.

"Baba, ka san dalili? Wake yana da ɗa a cikinsa. Malama ta jiƙa ta ɓare mun gani, ɗan mitsitsi, a kwance yana barci. Ruwa ne yake tashinsa. Fensir ba shi da ɗa, baƙin abu ne kawai a cikinsa." Ta dube shi da tausayi. "Kai ma ba ka sani ba, ko?"

"Ban sani ba, uwata."

A ƙarshen layin akwai wani gwangwanin tumatir da ya lotse. Guntun fensir yana tsaye a tsakiyarsa yadda aka soka shi, ƙasar ta jiƙe sharkaf har ruwa yana ɗiga ta ƙasa.

"Wannan fa? Wa yake ba shi ruwa?"

"Bilki ce. Ni na san ba zai fito ba, ita ba ta sani ba tukuna." Ta rage murya. "Kada ka faɗa mata. Malama ta ce a ƙyale ta ta gani da idonta."

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka yi cikin aji da gudu, Tahira ta saki hannunsa ta bi su. Khalilu ya juya zai hau keke sai ya hango Bilki tafe daga wajen famfo ita kaɗai, tana jan ƙafa, ta tallabo ruwa a murfin kwano da hannu biyu don kada ya zube. Ta zo ta juye shi a gindin fensirin, ta goge hannu a hijabinta, ta tsaya tana kallo.